An ba yarona kwantiragin shekara ɗaya, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Sadiq, yammacin Yorkshire

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma daga bakin wanda abin ya taɓa faɗo masa, ba irin ta teburin mai shayi ba. Yarona yana buga zari-ruga, wadda ake yi mutum 13 kowane ɓangare, wato lig, ita ce ta fi ƙarfi a nan arewacin Ingila. Yana shekara 9 maƙwabcinmu ya ja shi kulob ɗin unguwa. Yana 15 wani babban kulob na Super League, wato babbar gasar lig ta nan, ya ɗauke shi, daga nan ya wuce akadaminsu ta 'yan ƙasa da 18. Yanzu ya gama.

Ranar Talata suka kira mu ofis, aka kawo shayi, aka turo mana takarda. Shekara ɗaya, kuɗin kuwa mai lodi a sito ya fi shi samu. Koci ya ce yaron yana cikin tsarinsu. Da na tambaye shi wasa nawa yake ganin zai buga baɗi, sai ya juya ya kalli na kusa da shi, shi kuma ya kalli takarda. A gefe guda wani kulob na Championship, wato rukunin da ke ƙasa da Super League, ya yi magana: za su riƙa sa shi wasa, atisaye da yamma, da rana ya yi karatu ko aiki. Uwarsa ta ce ya tafi jami'a kowa ya huta. Shi kuma ba ya ganin komai sai rigar babban kulob. An ba mu kwana goma.

Ɗan Fagge

Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Amma wai ba ita ce ƙwallon nan mai kama da gwanda da ake runguma ana kokawa ba? Har albashi ake biya a kanta?

Malam Akawu, Leeds

Ɗan Fagge, ai a kan albashin aka haifi wasan ma. A 1895 kulob sama da 20 na arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle daga hukumar zari-ruga, saboda an hana su biyan ma'aikatan ma'adinai da na masaƙa kuɗin yinin da suka rasa don sun je wasa.

Baban Sadiq, ni ba uban ɗan wasa ba ne, amma na yi shekaru ina riƙe littafin kuɗin wani ƙaramin kamfani da ke ɗaukar nauyin wani kulob, kuma ta nan na riƙa zama tebur ɗaya da masu sayen 'yan wasa. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne akwai iyakar da aka yanka wa kowane kulob na Super League, fam miliyan 2.1 a kakar 2025, albashin manyan 'yan wasansa gaba ɗaya. Ɗan Firimiya mai karɓar fam 300,000 a mako, cikin mako 7 ya lashe wannan. Akwai 'yan rangwame, misali ana ware wasu taurari a ƙi lissafa albashinsu duka, haka ma akwai sassauci ga waɗanda kulob ya rena da kansa. Amma tuwon dai ɗaya ne, yankan ne ya bambanta. Idan an ba mutum shida manyan loma, dole a cike ƙasan jerin da yara masu araha. Na taɓa ganin allon a ofishin wani daraktan wasanni: sunaye a jere bisa gurbi, gaban kowane suna shekarar da kwantiraginsa zai ƙare. Na ƙasa-ƙasan da alƙalamin da ake gogewa aka rubuta su.

Saboda haka kada ka sake tambayar koci ko yana son yaron, kowa zai ce yana so. Ƙirga mutum nawa ne a gabansa a gurbinsa, kuma yaushe nasu kwantiragin zai ƙare. In guda uku ne kuma duk suna da sauran shekara biyu, to ka san amsar. Ka kuma tuna daga 2026 an ƙara yawan baƙin da kulob zai iya ɗaukowa daga waje, daga 7 zuwa 10. Kujerun nan uku daga wajen yaran gida za a cire su.

Maman Hanif, Hull

Baban Sadiq, labarinka ya tayar min da tsohon miki. Ɗan yayata a hannuna ya tashi, kuma irin takardar nan muka sa wa hannu yana 18, har na yi waina na raba wa maƙwabta. Wata na biyar gwiwarsa ta tafi a wasan 'yan benci. Gaskiya sun yi masa aiki, sun biya, ban da ƙorafi a nan. Inda suka cuce mu shi ne shirun. Tun Mayu yake tambaya ko za a sabunta, ana ce masa ya mai da hankali kan jinya, za a yi magana. Yuni ya wuce, Yuli ya wuce. Wata rana muna cin abincin dare ya ga a wayarsa sun sanar da ɗauko wani daga Ostireliya a gurbinsa, shekara biyu. Ya ajiye cokali ya hau sama. Ko a nan ba wanda ya kira shi. Sai a Satumba aka ba shi minti goma a ofis, alhali a lokacin duk sauran kulob sun gama cike gurabensu.

Na je ɗaukarsa ran nan. Ya fito da takalmansa a cikin baƙar ledar shara, don ko jaka bai je da ita ba, bai san ranar ce ba. Har gida bai ce uffan ba, ni ma na rasa ta cewa, sai rediyo na kunna.

Ban ce kada a sallami yaro ba, kasuwa ce. Amma da sun faɗa masa a Mayu, da ya samu wani wuri. Yanzu yana koyon aikin wayarin, yana bugawa a kulob ɗin unguwa ranar Asabar, ya ma fi walwala. Ƙannensa biyu da ke tasowa kuwa yayata ta rantse ba za su taka wannan kulob ɗin ba, kuma ƙaramin ya fi shi iyawa. Iyayen unguwa duk sun ji labarin. Ban san ko a ofis suna lissafa irin wannan asarar ba.

Mai Tasi, Manchester

Allah ya saka masa da mafi alheri, Maman Hanif. Ni ta ɗaya gefen na ga abin, gefen baƙin da ake kawowa. Kamfanin da nake tuƙi a ƙarƙashinsa yana yi wa wani kulob jigila, ni nake ɗauko sababbin 'yan wasa daga filin jirgi. Akwai wani ƙato daga tsibiran Fasifik da na ɗauko a Janairu da matarsa da yara biyu, duk da silifa a ƙafa. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, matar ta tambaye ni ko kullum haka ne. Shi da safe ya tafi atisaye cikin abokai, ita an bar ta a gidan haya, ba mota, ba wanda ta sani. Ni nake kai ta kasuwa, wata rana a motata ta fashe da kuka. Kwantiragin shekara biyu ne, amma kaka ɗaya ya yi, aka sanar wai ya koma gida saboda dalilan iyali. Ni na mai da su filin jirgin.

Wani kuma da na ɗauko bayansa, matar wani tsohon ɗan wasa ce ta tarbe su, ta nemo wa yara makaranta, ta kai matar cocin 'yan ƙasarsu. Yana nan har yau, ya sabunta sau biyu, kuma na ji da kunnena yana cewa an yi masa tayin da ya fi a wani wuri.

Yaya Abba, Sidni

Gaisuwa daga ƙasan duniya. A nan NRL, babbar gasar lig ta Ostireliya, kuɗin ya ninka naku sau da yawa, amma ciwon kan iri ɗaya ne. Ranar 1 ga Nuwamba ake buɗe ƙofa, duk wanda ya rage masa shekara ɗaya yana da damar magana da wasu, sai ka ga mutum ya sa hannu a wani kulob amma zai ƙara kaka guda cur a inda yake. Penrith, da muke zaune kusa da su, sun ci kofi sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, kuma kowace shekara sai iyakar albashi ta tilasta musu sakin manya: Burton, Kikau da Crichton suka tafi Bulldogs, Koroisau da Luai suka tafi Wests Tigers. Suka riƙe Nathan Cleary da 'yan kaɗan, sauran guraben suka cike da yaran da suka rena. Mai son riƙe kowa ta bayan fage kuwa ya tuna Melbourne Storm, da aka kama a 2010 sun karya iyakar albashi, aka ƙwace musu kofunan 2007 da 2009.

Nawa yaron 16 yake. Bara bayan wani wasa, wani mutum mai tabarau ya tare ni a wajen ajiye motoci ya miƙo kati, wai ejan ne, wato wakilin 'yan wasa, har ya san sunan makarantar yaron. Na karɓa na sa a aljihu ban kira ba. Baban Sadiq, in za ku ɗauki ejan, ku tabbatar yana da rajista da hukuma, ku kuma tambaye shi yara nawa yake riƙe da su a gurbin ɗanka. In yana da uku, wa zai fara sayarwa? Sannan ku sani 'yan nan suna kallon yaranku. Dom Young wasannin da ya buga wa Huddersfield ba su cika yatsun hannu ɗaya ba Newcastle Knights suka ɗauke shi.

Anti Mai Gashi

Na yi kaka uku ina gashin ƙashi a wani kulob na Championship, don haka kada a zuga muku can ɗin ma ya zama aljanna. 'Yan wasa suna isowa ƙarfe shida a motar aiki, siminti a wando, su yi atisaye har tara, gobe asuba su koma gini. Akwai watan da albashi ya makara kwana goma sha, ni ma har da nawa, kuma cikin mako biyu ejan-ejan suka fara kiran manyanmu. Ba a riƙe ɗan wasa da alkawari in kuɗin haya ya zo. Wannan ba ƙananan kulob kaɗai ba ne, kowa ya ga yadda Bradford Bulls ta rushe a farkon 2017, da yadda 'yan wasan Salford suka riƙa watsewa a 2025.

Tambaya ɗaya nake so ku yi musu a rubuce: in ya ji rauni, wa zai biya hoto da tiyata, kuma har yaushe? A babban kulob wannan ba abin damuwa ba ne. A ƙarami na ga yaro ya jira watanni a layin asibitin gwamnati.

Af, ku tambayi batun azumi ma. Mun taɓa samun yaro Musulmi, koci ya mai da masa ɗaga ƙarfe bayan shan ruwa ba tare da an roƙe shi ba. Yaron nan ya ƙi tayi biyu saboda kocin.

Alhaji na Widnes

Ni dai ban yarda da tsoron barin babban kulob ba. Na zo ƙasar nan karatu, ina tsaye a Naughton Park, filin kulob ɗinmu na Widnes, na ga Martin Offiah, ɗan iyaye 'yan Najeriya, yana gudu kamar an harbo shi. Ba akadamin kowa ya bi ba, Doug Laughton ne ya gan shi yana buga ɗaya zari-rugar, mai mutum 15, a 1987 ya kawo shi. A Janairun 1992 Wigan suka biya fam 440,000 suka ɗauke mana shi, kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin, na yi mako ban sayi jarida ba. In kun ce wannan tsohon zance ne, ga Alex Walmsley: daga kulob ɗin unguwa a Dewsbury ya je Batley a 2012, yana karatun jami'a, St Helens suka gan shi suka saye shi, ya zo ya buga wa Ingila. Wanda ke fili ake gani. Na benci ko uwarsa sai ta leƙa.

Malam Akawu, Leeds

Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma Walmsley nawa aka yi? A St Helens ɗin nan James Roby ya zauna tun yana yaro har ya yi ritaya a 2023 da wasa 551. Hanya biyun duk suna kaiwa, duk kuma suna zubar da mutane. Ni abin da zan nema shi ne ya sa hannu a babban, amma a rubuta cewa in bai samu wasa ba zuwa wani wata za a ba da shi aro.

Baban Sadiq, yammacin Yorkshire

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na koma da tambayoyinku a takarda. A gurbinsa mutum biyu ne a gaba, ɗaya kwantiraginsa zai ƙare baɗi. Batun aro sun yarda za su rubuta, sun kuma yarda da yini ɗaya a mako na kwaleji. Da na ce a sa ranar da za a gaya mana ko za a sabunta, kafin ƙarshen Mayu, sai daraktan ya yi dariya ya ce ba a taɓa tambayarsa haka ba, zai duba. Kulob ɗin Championship kuwa har yanzu ba su amsa maganar tiyata ba.

Na karanta wa Sadiq abin da Maman Hanif ta rubuta. Ya yi shiru, can ya tambaye ni ko gwiwar ɗan yayar tata ta warke. Juma'a za mu ba da amsa. Uwarsa dai ta riga ta cike masa fom ɗin jami'a, yana kan firji ta danne shi da maganaɗisu.