Sabar bakwai sun ƙi karɓar sabon openssl

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sabar 40 ne masu RHEL 8 (tsarin Linux na Red Hat) a ƙarƙashin Red Hat Satellite (manhajar da ke rarraba musu sabuntawa) a Birnin Kebbi, bakwai daga ciki suna reshen Argungu suna jan fakitoci ta Capsule (ƙaramar sabar da ke kwafo su daga Satellite). Openssl (fakitin ɓoye bayanai) kaɗai ake so a ɗaga, kada a taɓa kernel (zuciyar tsarin), don ba a ba da damar sake kunna injina ba.

An yi incremental update (ƙara gyaran da ake so kaɗai) a kan content view (jerin fakitocin da sabar ke gani), sigar 12.0 ta koma 12.1. Sabar 33 sun karɓa lafiya lau. Na Argungu kuwa, `dnf update openssl` sai ya ce babu abin yi. An yi `dnf clean all` da `subscription-manager refresh`, an duba versionlock da layin exclude a dnf.conf, babu komai. `dnf repoquery openssl` ma tsohuwar siga yake nunawa.

Zargi ya fi karkata ga Capsule, domin intanet ta yanke ana tsakiyar sync (kwafo fakitoci daga Satellite), kuma maimaitawar da aka yi ta gama cikin daƙiƙu, abin da bai kwanta mini ba.

Shin sake sync na Capsule da `--skip-metadata-check true` zai gyara? Kuma a tsarin on_demand (jawo fakiti sai an buƙace shi), zai sake jawo duk fakitoci ne? Layin intanet na Argungu ba zai ɗauka ba.