Kaskar tsuntsayen teku: ta yaya ake tantance irinta?

Sadiya_B:
Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a kan halittun da ke shan jinin dabbobi, kuma an ba ni kaska da aka adana a cikin barasar ɗakin gwaji, wadda aka tono daga sheƙar tsuntsayen teku a tsibiran Cabo Verde da ke yammacin Senegal. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta da garkuwar nan mai tauri da muka saba gani a bayan kaskar shanu, kuma idan aka dube ta daga sama ba a ganin bakinta ko kaɗan. Jikinta kamar busasshiyar fata yake, cike da ƙananan ƙuraje. Littafin da nake da shi ya fi ba da ƙarfi a kan Ixodes uriae. Shin ita ce wannan, ko wata ce daban?

Malam Habu Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Siffar da kika kawo ba ta Ixodes ba ce, domin Ixodes tana cikin dangin kaska masu tauri, waɗanda ke da garkuwa a baya kuma bakinsu ya fito gaba. Taki tana cikin dangin masu laushi, Argasidae, kuma kin san 'yar'uwarta tun a gida, wato Argas persicus da ke ɓuya a tsagar bangon akurkin kaji da rana, ta fito da dare ta sha jini. Ki juya ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ki tarar da bakin a ƙasan cikinta. Sannan ki dubi gefen jikin: Argas tana da siririn layi mai kaifi da ya raba baya da ciki, Ornithodoros kuwa gefenta a dunƙule yake ba layi. Da ƙurajen nan da kuma wurin da aka samo ta, hankalina ya fi karkata ga Ornithodoros capensis.

Dakta Rabi:
Na yarda da Malam Habu a kan dangi, amma ina so in ja kunnen ƙanwata kada ta yi saurin rubuta sunan jinsi. Wani masani mai suna Neumann ne ya fara bayyana Ornithodoros capensis (O. capensis) a 1901 daga Afirka ta Kudu, kuma daga baya aka gane cewa akwai wasu jinsuna masu matuƙar kama da ita, kamar O. maritimus ta Bahar Rum da gaɓar Turai, waɗanda manyansu da ƙyar ake iya bambanta su ko da a hannun gwani. Saboda haka masana suka fi dogara da jarirai masu ƙafa shida, inda ake duba siffar ɗan farantin da ke bayansu, da yawan gashin jiki da jerinsa, da haƙoran baki. Idan akwai jarirai a cikin kwalbarki, ki keɓe su da kyau, sun fi manyan daraja a wannan aiki. Su ne kuma aka fi samu manne a jikin tsuntsu, domin suna kwanaki suna shan jini, alhali manyan cikin ƙanƙanen lokaci suke ƙoshi su koma cikin sheƙa. Idan babu jarirai, to gwajin DNA, wato ƙwayoyin gadon halitta, ne zai raba gardama.

Garba_Tromso:
Tun da an ambaci Ixodes uriae, bari in ƙara kalma a kanta. Kaskar sanyi ce, ana samun ta a arewa mai nisa kamar Norway da Iceland, da kuma kudu mai nisa a jikin fengwin, tsuntsun teku da ba ya tashi sama, amma ba a yankinmu mai zafi ba. Tana shan jini sau ɗaya a kowane mataki na rayuwarta, galibi sau ɗaya a shekara lokacin da tsuntsaye suka dawo yin ƙwai, sauran watannin kuwa tana kwance a ƙarƙashin duwatsu, shi ya sa takan ɗauki shekaru kafin ta kammala rayuwarta. Babban namijin ba ya shan jini sam, kuma ana gane shi da tukkayen gashi a ƙarshen jikinsa. Tana ɗauke da Borrelia garinii, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke haddasa cutar Lyme, wadda mutane ke kamuwa da ita ta cizon kaska. Masu laushin ma ba abin wasa ba ne, domin a tsibiran Peru an ga O. amblus ta yi yawan da har tsuntsaye suka gudu suka bar ƙwansu da 'ya'yansu.

Sadiya_B:
Allah ya saka da alheri. Na sake dubawa, gefen jikin ba shi da layi, kuma na sami jarirai kaɗan a gindin kwalbar. Dakta, in ɗora su duka a kan gilashin gwaji ne, ko in rage wasu a cikin barasa saboda DNA?

Dakta Rabi:
Ki rage wasu. Sinadarin da ake wanke su da shi kafin a ɗora a gilashi yana lalata DNA, don haka ki raba su kashi biyu, ki rubuta sunan tsibiri da na tsuntsun da aka samo su a sheƙarsa a jikin kowace kwalba.