Lab ɗaya ta ce AA, ɗaya ta ce AS, wa ya taɓa shiga irin wannan?

'Yar Gwammaja:
Slm 'yan uwa, dan Allah wanda ya taɓa shiga halin da nake ciki ya taimaka min. Lokacin da zan shiga jami'a an mana gwajin jini wajen rajista, takarda ta fito ni AA ce, har yau tana cikin fayil ɗina, shekara bakwai kenan hankalina kwance. To yanzu an sa rana, kun san tun 2024 dokar Kano ta ce sai an yi gwaji kafin ɗaurin aure, jinotaif da HIV da ciwon hanta da sauransu, muka je wani lab ni da shi, shi ya fito AS dama ya san da haka, ni ma wai AS. Wlh sai da na nemi wuri na zauna. Kafinta har ya fara haɗa gado. Umma ta ce a sake, Baffa kuma ya ce takardar farko ce gaskiya tunda jini ba ya canzawa. Wacce zan kama?

Maman 'yan biyu:
Ƙanwata ki sake, kar ki biye wa kunya. Ni da takardar AA na yi aure, maigidan AS, kowa ya ce ba matsala. Ɗanmu na biyu yana wata takwas hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura, kuka dare da rana, a asibiti aka ce SS ne. Abin da ya fi ciwon yaron ƙona min rai shi ne kallon da dangin miji suka fara yi min, wai AA da AS ba sa haifar SS to daga ina? Har gori sai da na sha. Da likita ya ce a sake gwada mu duka a gabansa sai ga ni AS, shekara da shekaru ina riƙe da takardar banza. Kuma ki sani, ɗaya cikin huɗun nan da ake faɗa, wato yiwuwar AS da AS su haifi SS, a kowane ciki ne, ba wai in kin haifi ɗaya mai sikila sauran ukun sun tsira ba, ni ma da haka na ɗauka.

Ɗan Lab:
Aikina kenan, shekara goma sha ɗaya ina kai. Baffanki ya yi gaskiya rabi, jini ba ya canzawa, yadda aka haife ki haka za ki koma ga Allah, amma mai gwaji da kayan gwaji suna kuskure. Fara duba tsohuwar takardar ki ga wane gwaji aka rubuta, don ba iri ɗaya ba ne.

Akwai gwajin sikilin, mai arha. Ɗigon jini ake haɗawa da wani sinadari, sodiyam metabaisalfait, a rufe da gilashi a toshe gefe don kar iska ta shiga, in akwai S ƙwayoyin jinin sai su lanƙwashe kamar lauje a madubin likita (maikiroskop). Wannan ba ya bambance AS da SS, eh ko a'a kawai yake cewa, kuma sinadarin in ya kwana biyu a haɗe ya mutu, sai ka ga jini lafiya lau alhali akwai S. Na ga inda ake ganin haka kawai a rubuta AA, wanda bai halatta ba.

Sai elektiroforesis, wanda yawancin lab ɗinmu ke yi. Ana fasa ƙwayoyin jinin a ɗiga a kan wata siririyar takarda da aka jiƙa da wani ruwan sinadari da muke kira bofa, a jona wuta, sai tsere ya fara tsakanin nau'o'in sinadarin jan jini (himoglobin): A ce ke gaba, F (irin ta jarirai) na bin ta, sannan S, C ce ta ƙarshe. In komai ya tafi daidai mai AS layi biyu za ka gani. To a ce bofa ta tsufa, ko aka ɗauke wuta ana tsaka da gudu kafin a tada janareto, ko mutum na sauri ya cire da wuri, layukan ba su gama rabuwa ba sai su zama kamar guda ɗaya, in kuma ba a sa kwantirol a gefe ba, wato jinin da aka riga aka san mene ne, to da me za ka kwatanta? Ido ne kawai da zato.

Ni kaina ina ɗalibi an taɓa kawo mana sabbin ɗalibai sama da ɗari biyu rana ɗaya, kwalabe masu murfi shuɗi-shuɗi mai ruwan goro an jere a tire, lamba da biro, zufa na goge rubutu. Na juya 61 na karanta 19, Allah ya sa ogata ta lura kafin a sa hannu. Da ba ta gani ba da mutum biyu na yawo da takardar juna har yau. Shi ya sa ni gwajin rajistar makaranta ba na ɗora aure a kansa.

Ki je babban asibiti ki ce HPLC kike so. Inji ne ke karantawa ya ba ki kowane kashi da lamba, mai AS yawanci S ɗinsa tsakanin kashi 35 zuwa 40 yake, A ta fi yawa. Ya fi tsada amma bai kai kuɗin akwati ɗaya na lefe ba. Ki tsaya a rubuta sunanki a kwalbar a gabanki.

Bazazzagiya:
Namu akasin naku ne. Ƙanena SS ne tun yana ƙarami mun sani, ya kwanta aka masa ƙarin jini leda biyu, bayan sallama wata gwaggonmu ta kawo wani jiƙo ya sha na sati uku, aka je gwaji sai ga AS. Gida ya ɗau murna, gwaggo har ta fara ba maƙwabta. Da muka koma kilinik likitarsa ta yi dariya ta ce jinin wanda ya ba shi ne ake gani, ƙwayar jini tana kai kwana 120 a jiki, a bari bayan wata huɗu. Aka bari, SS ɗinsa ya dawo. Dan haka in an taɓa miki ƙarin jini kwanan nan ki faɗa musu, ba ko yaushe suke tambaya ba.

'Yar Gwammaja:
Ba a taɓa min ba Anti. Na duba tsohuwar takardar kamar yadda Ɗan Lab ya ce, ba a ma rubuta irin gwajin ba, AA ne kawai da jan biro sai hatimi.

Ɗan Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan wani abu ke cin mutane, C. A arewacin Gana da Burkina Faso tana da yawa sosai. Ni sikilin aka min aka ce babu, na ɗauka ni AA ne, ashe AC nake, don C ba ta yin lauje a wancan gwajin. Madam AS. 'Yarmu ta fari SC ce, ba ta wahala kamar masu SS amma tana samun ciwon ƙashi lokacin sanyi kuma ana duba mata ido duk shekara. Duk wanda aka ce masa "ba ka da sikila" ya tambaya harafi biyun nan nasa mene ne.

Likitan shanu:
Ni ba na mutane nake ba amma ciwon ɗaya ne wlh. Na taɓa zuwa ruga, shanu sun rame gashi ya tashi, kowa na cewa sammore ne. Na ɗebi jini da safe, na sa a bayan mashin ba ƙanƙara, taya ta yi faci, ban isa lab ba sai bayan la'asar. Ƙwayar sammore a madubi motsinta ake gani, awanni kaɗan a zafi ta mutu, ba mu ga komai ba, jinin ma ya fara fashewa ruwan saman ya yi ja, PCV ɗin, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jinin, ba abin yarda ba. Da na tsaya a kan takarda da na ce wa Arɗo shanunsa lafiya. Na koma da kula da ƙanƙara washegari, ga su nan suna wutsil-wutsil, wata saniya PCV ɗinta 17 alhali bai kamata ya gaza 24 ba. Arɗo ya ce ai tun jiya ya faɗa min, ƙudan tsando ya cika fadamar da suka yi rani.

Na'ibin liman:
Mu da ake kawo wa takardun ranar ɗaurin aure mu ma muna ganin abu. An taɓa kawo min guda biyu na ango da amarya, rubutu ɗaya biro ɗaya, kwanan wata kuma ranar da ango yake Legas. Na ja waliyyi gefe na ce Alhaji a yi haƙuri a sake. Ya ji haushina ranar, har yau dai muna gaisawa.

Ɗan Lab:
Malam irin wannan ba kuskuren bofa ba ne kam. Akwai hukumar MLSCN da ke yi wa lab da ma'aikatansa rajista, ba laifi ba ne mutum ya nemi ganin lasisi a bango.

'Yar Gwammaja:
Na dawo 'yan uwa, na gode kwarai. Mun yi HPLC ɗin, na tsaya a kan matar har ta rubuta sunana tana harara ta. S kashi 38, A ta haura rabi, AS ce ni ba tantama. Baffa ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya ya ajiye bai ce komai ba. Angon kuma ya kira sau huɗu ban ɗaga ba, ban san me zan ce masa ba tukuna. Manya za su zauna ranar Asabar. Umma ta aika a ce wa kafinta ya dakata, ni kuma gobe zan kai ƙannena biyu, don su ma takardar rajistar makaranta suke riƙe da ita.