Numfashina yana ƙarewa a kumite (karawar kareti), me zan gyara?

Ɗan Albasa, Agege

Assalamu alaikum. Shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan nake nema.

A Agege nake kwana, a Mile 12 nake wuni, wajen 'yan albasa. Ina koyon kareti salon Shotokan a wani zauren makaranta da malaminmu yake haya, Talata da yamma da Asabar da safe. Koren bel gare ni, na fara koyon Heian Yondan, ɗaya daga cikin kata, wato jerin motsin da mutum yake haddacewa ya yi shi kaɗai. A kihon (atisayen tushe) da kata ba ni da damuwa, ko awa guda aka yi ana hawa da sauka a zenkutsu-dachi, tsayuwar da ake tanƙwara gwiwar gaba, ina nan daram. Amma tun da malam ya fara sa ni a kumite na sake, wanda kowa zai kai hari yadda ya ga dama, ko minti ɗaya ba na cikawa sai haki ya taso min. Kafaɗu su yi nauyi, hannu ya sauko da kansa, ƙafa ta kafe a ƙasa.

Abin yana ci min rai, domin ni mai sauke buhu ne daga tirela, kuma ina gudu bayan sallar Asuba. Wanda ake yawan haɗa mu da shi wani yaro ne Bayerabe ɗan sakandare daga Ogba, siriri, ya gama da ni ko gumin kirki bai yi ba. Na biyu kuma, da zarar naushi ya nufo fuskata sai idona ya rufe, in kau da kai.

Ba ni da kuɗin gidan motsa jiki, ɗakinmu ba fili, gosulo kuma ya cinye sauran lokacin. Gudu zan ƙara, ko ƙarfe zan fara ɗagawa?

Baban Sadiya, Idi-Araba

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ƙara gudu, kada ka nemi ƙarfe tukuna. Ƙarfi kana da shi har ya yi yawa. Abin da yake cinye ka ɗaure jiki ne da riƙe numfashi.

Mai ɗaukar buhu ya saba ya ja iska, ya datse ta a ciki, ya ɗaure ciki da kafaɗa, sannan ya ɗaga. A wajen buhu wannan daidai ne, don nan da nan za ka sauke. A kumite kuwa jikinka haka yake yi duk sanda abokin karawarka ya motsa, ko da bai kawo hari ba. Ranar Asabar ka ba wani wayarka ya ɗauke ka. Za ka ga kafaɗunka sun hau kusa da kunne, haƙora a cije, hannu a dunƙule tam tun daga "hajime" (a fara) har "yame" (a tsaya). Sannan ka dubi yaron nan na Ogba. Hannunsa a sake yake, sai daidai lokacin da gyaku-zuki, naushin hannun baya, zai sauka yake matse shi, ya sake shi nan take. Ihun kiai da ake sa ku yi ma ba na burga ba ne, wanda ya yi ihu dole iska ta fita daga cikinsa. Duk harin da ka kai, duk wanda ka tare, ka furzar da iska gajeriya ta baki. Shaƙa za ta zo da kanta.

Sai maganar matakala. Gichin Funakoshi da ya kai kareti Tokyo daga Okinawa a 1922, kata ya fi ba muhimmanci. Kumite na sake daga baya ya bunƙasa a hannun ɗalibansa, gasar farko ta JKA, ƙungiyar kareti ta Japan, ma sai a 1957 aka yi ta, shekarar da ya rasu. Shi ya sa aka shimfiɗa abin daki-daki: gohon kumite mai taku biyar, sanbon mai uku, kihon ippon mai ɗaya, sai jiyu ippon, sannan na sake. Jiyu ippon ne maganinka. Kuna yawo a sake, shi zai faɗi harin da zai kawo, jodan (fuska) ko chudan (jiki) ko mae-geri (shurin gaba), amma ba zai faɗi lokacin ba. A nan ido yake koyon zama a buɗe. Ku fara a hankali sosai, naushin ya tsaya kafin ya taɓa ka, kai kuma ka kafa ido a ƙirjinsa ƙasan maƙogwaro, ba a kan hannun ba. Daga nan kana ganin kafaɗu biyu da ƙugu gaba ɗaya. In ido ya rufe, ku rage sauri.

Gudun Asuba kada ka bari, amma ka canza shi sau biyu a mako. A dokar WKF, hukumar kareti ta duniya, karawar manya minti 3 ce, kuma ba a tafiya ɗaya take ba, fashewa ce da lafawa. Ka samu gadar masu ƙafa kafin jama'a su fito, ka hau matakalar da gudu, ka sauko da tafiya, ka sake hawa har minti 3, ka huta minti 1, ka yi zagaye uku. In an yi ruwa matakalar na santsi, ranar ka yi tsallen igiya a ƙofar gida.

Bahagon Oko-Oba

Ni ban san hajime ba, dambe na yi da ƙuruciya kafin in zauna a mayanka. Amma tsoron hannu ɗaya ne ko'ina. Ɗan'uwa, maganin tsoron naushi shan naushi. Ka ce wa yaron ya sake maka hannu sosai sau ɗaya sau biyu, za ka ga ba a mutuwa.

Abin da Baban Sadiya ya faɗa na sakin jiki kuwa gaskiya ne. A dambe hannun gaba a buɗe yake, shi ne garkuwa, da shi kake auna mutum. Wanda aka naɗe, mashin, yana baya a ajiye. Gwani zai yi ta zagaye rabin turmi bai sake shi ba, sai ya ga tazara ta yi. Sabon shiga ne yake ta jifa, kafin turmi na biyu ya gama kansa da kansa.

Maman Hanifa, Surulere

Yayana Bahago, ka yi haƙuri, a kan wannan ban yarda ba. Aikin jinya nake yi, kuma ni ma ina kareti tare da 'yata. Ciki da cinya suna sabawa da duka in an bi a hankali, ƙwaƙwalwa ba ta sabawa. Duk wanda ya sha bugu a kai ya ji jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ya gama atisaye a ranar, ya je likita ya duba shi, kada a ce masa ya daure. Ɗan Albasa, ka sayi robar haƙori taka ta kanka kafin karawa ta gaba, a shagunan kayan wasanni na wajen National Stadium ana samu.

Akwai kuma abin da ba a taɓo ba. Kai ranar Talata daga rana kake fitowa. A Legas iska cike take da damshi, gumi ba ya bushewa a jiki balle ya sanyaya shi, sai dai ya yi ta zuba, ga rigar kareti mai kauri. Mutum yana shiga aji a bushe bai sani ba, zuciya ta yi ta bugawa da sauri tun kafin a fara. Ka riƙa shan ruwa tun hantsi, ka duba fitsarinka, in ya yi duhu ruwa bai isa ba. Ranar da ka yi gumi ƙwarai, fiya wata biyu lita ɗaya ce: ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Tuwo ko shinkafa da wake su kasance awa 2 zuwa 3 kafin aji, in yunwa ta matsa ayaba ko dabino sun isa.

Kuma don Allah, na san ana miƙa wa masu aikin ƙarfi tiramol a ce maganin gajiya ne. Ciwo kawai yake ɓoyewa, ka yi ta taka targaɗe ba ka ji ba, yana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kada ka kusance shi.

Baban Sadiya, Idi-Araba

Hajiya ta gama magana. Bahago, a dokar WKF ma wanda ya saki hannu fiye da kima gargaɗi yake samu, ba maki ba. Naushi mai tsabta maki 1 ne, shuri a jiki 2, shuri a kai 3, duk da sharaɗin ka mallaki hannunka da ƙafarka. Amma auna tazarar da ka faɗa ita ce maai a wajenmu, kuma ita ce rabin kumite. Wanda ya san inda hannun abokinsa ba ya kaiwa, a nan yake tsayawa ya huta, ana tsakiyar karawa.

Ɗan Albasa, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, matsala ɗaya: malam ba ya daɗewa a jiyu ippon, ajin ya cika, sauri ake yi. Ba na son ya ga kamar ina koya masa aikinsa.

Baban Sadiya, Idi-Araba

Kada ka yi maganar a gaban aji. Bayan an tashi ka same shi shi kaɗai, ka ce idonka na rufewa kana neman izini ku riƙa zuwa da wuri kai da yaron, minti 10 kafin a fara, ku yi jodan da chudan a hankali a gefe. Ba na jin zai hana. Shi ma yaron ka roƙe shi da girmamawa, domin a cikin zauren nan gaba yake da kai ko da ka girme shi.