Gwaje-gwajen sankarar jini ta CML: abin da aka tattauna a Jidda

Bayan sallar isha'i 'yan uwa Hausawa mazauna Jidda suka zauna kan wani dattijo da aka samu da sankarar jini mai tafiya a hankali, wadda likitoci ke kira CML. Akwai likita a cikinmu, shi ya fi yin bayani.

Ya ce gwajin jini na farko yakan nuna fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa ƙwarai, sau da yawa saifa ma ta kumbura. Amma wannan bai isa ba. Sai an ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu, an nemi kuromosom ɗin Filadelfiya (kuromosom shi ne ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jiki), wanda ke samuwa idan kuromosom na 9 da na 22 suka yi musayar gutsure, suka haifar da gurɓataccen bayanin gado mai suna BCR-ABL1, wanda shi ke jawo cutar.

Inda aka fi daɗewa shi ne gwajin PCR, wato gwajin jini mai auna yawan BCR-ABL1. Bayan an fara magani irin su imatinib, ana yin sa duk wata uku. Ana so adadin ya sauka zuwa kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa a wata uku, kashi 1 a wata shida, 0.1 a shekara. Dattijon ya ce ai ya ji sauƙi. Likitan ya ce, "Baba, jin sauƙi daban, abin da jini ke faɗa daban, kar a ajiye maganin."

Ni abin da na fi riƙewa: a tsaya ga ɗakin gwaji ɗaya, a adana takardun sakamako. In adadin ya ƙi sauka, a gwada ko BCR-ABL1 ɗin ya sauya, kamar sauyin da ake kira T315I, don a canza magani.