Rap: Na Da ko Na Yanzu, Su Wa Suka Fi Iya Baiti?

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Maganata ɗaya ce, kuma a shirye nake in kare ta: mawaƙan rap na da sun fi na yanzu iya tsara baiti, nesa ba kusa ba. Ban ce kiɗa ba. Kiɗan yanzu ya fi fita tas, wannan ba abin gardama ba ne. Baiti nake nufi, wato abin da zai saura idan aka kashe kiɗan aka rubuta waƙar a takarda. A Amurka, Rakim tun 1987 yake dasa ƙafiya, wato amsa-amo, a tsakiyar layi, ba sai a ƙarshe ba. Nas ya fitar da faifansa na farko a 1994, waƙoƙi 10 kacal, har yau ana zama a kansu ana tsinto ma'ana. A nan gida Najeriya kuwa, Modenine sau 7 yana ɗaukar kyautar gwanin baiti ta Headies, bikin karrama mawaƙan ƙasar nan. A kawo mini yaro ɗaya na yau da zai ja da waɗannan.

Sadiq, Mile 12: Wa alaikumus salam Yaya. Da girmanka, amma ba ka yi mana adalci ba. Ka ɗauko mutum uku da suka yi zarra a cikin shekaru masu yawa, ka ce mu gwada su da duk wanda ya saki waƙa a makon nan. Ina sauran tsararsu? Ai an yi tarkace a lokacin ma, mantawa da su aka yi. Mu namu ba a riga an tace ba, da gwani da ɗan koyo duk a waya ɗaya suke. In kuma kyauta ce hujja, Kendrick Lamar ya karɓi Pulitzer, babbar lambar yabo ta Amurka, a 2018, abin da wani ɗan rap bai taɓa samu ba kafin shi.

Baban Ummi, Agege: Kendrick ai almajirin na da ne. Ka ji yadda yake jan labari daga farkon faifai har ƙarshensa, karatun mutanen 1990 ne ya haddace.

Sadiq, Mile 12: To shi ke nan Yaya, duk wanda ya iya sai ka ce naku ne, wanda bai iya ba ka bar mana. A haka wa zai kayar da kai?

Abba Mai Situdiyo, Surulere: Sadiq ya faɗi gaskiya a kan tacewa, kuma ina da hujjar da za ta taimake shi. A 2002 Ruggedman ya yi waƙa a nan Legas yana caccakar manyan 'yan rap na lokacin, har da Eedris Abdulkareem, yana cewa surutu suke yi ba baiti ba. Wato a tsakiyar zamanin da Yaya yake yabo, akwai mai cewa sana'ar ta lalace. A 2017 kuma M.I ya fito ya ce wa 'yan rap su gyara aikinsu. Kukan bai taɓa yankewa ba.

Amma Yaya ma yana da gaskiyar da bai faɗa ba, kuma ni a teburin haɗa sauti nake ganinta kullum. Da can kasuwar Alaba ce ke riƙe da waƙa. Dillali ya sayi faifai sukutum, a buga, yara su bi motoci da shi a cikin cunkoso. Wanda ya saya ya riga ya biya, zai saurara daga ta farko har ta ƙarshe, ko a mota ko a shago. Don haka mawaƙi yana da fili: baiti uku, kowanne layi 16, da amshi a tsakani. Yanzu kuwa a Spotify sai an saurari daƙiƙa 30 kafin a lissafa cewa an ji waƙarka, TikTok kuma ɗan gutsure yake so wanda za a yi rawa da shi. Yaro ya zo mini da littafi cike da rubutu, baiti uku masu kyau, wasu layukan ya soke ya sake har takardar ta huje. Manajansa yana tsaye a bayana yana cewa a yanke na uku, a jawo amshi gaba, kada waƙar ta wuce minti biyu da rabi. Ni da hannuna nake yankewa, kuma sau da yawa baitin da ya fi nauyi shi ne na ukun. Iyawar tana nan, Yaya. Ba ta isowa kunnenka ne.

Baban Ummi, Agege: Abba, wannan ai ni ka goya wa baya. Ni abin da ya iso kunnena nake yi wa hukunci. Mawaƙin da ya yarda aka yanke masa baiti mafi kyau don 'yan rawa, ya riga ya zaɓi abin da ya fi so. Eedris da aka ce bai iya ba, a 2004 ya faɗa wa gwamnati magana har aka hana sa waƙar a rediyo, a 2025 ma hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sake hana wata tasa. Na Kano ma, a 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da ta ɗan rap Ziriums. Waɗannan sun san me baki yake jawowa, suka buɗe shi.

Malama Rabi, Idi-Araba: Baban Ummi, ka sauya magana. Da iya baiti ka fara, yanzu ka koma jarumta. Abu biyu ne daban. Mutum zai iya zama jarumi baitinsa ya zama gurgu, wani kuma ya tsara baiti kamar zane a kan abin da bai kai a tsaya a kansa ba. In jarumta ce ma, Falz ya yi tasa a 2018, ita ma hukumar ta taka mata birki, kuma ba za ka sa shi a sahun na da ba.

Ni Hausa nake koyarwa, kuma abin da ya dame ni a gardamar nan shi ne duk ma'aunin da kuka ɗauko na Turanci ne. A Turanci samun ƙafiya aiki ne, shi ya sa ake jinjina wa wanda ya jera ta. A Hausa kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, wasulan kuma biyar ne. Ɗan firamare ma zai jera maka layi 20 masu ƙarewa da sauti ɗaya bai yi gumi ba. Saboda haka ƙafiyar ƙarshen layi ba ita ce gwaninta a wurinmu ba. Gwaninta ita ce nauyin gaɓa: ka zuba kalma a kan kiɗa ba ka ja gajeren wasali ba, ba ka guntule dogo ba, ba ka karya karin sautin kalmar ba. Da zarar ka karya, Bahaushe zai ji wani abu ya yi masa tsaye a kunne ko da bai san sunansa ba, wani lokaci ma ma'anar ce gaba ɗaya take sauyawa. Sai kuma habaici, da zambo, da karin magana da aka murɗa ta ba da sabuwar ma'ana. Da wannan ma'aunin nake auna Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, da shi kuma nake auna ɗan rap.

In an auna da shi, na farkon da suka gwada rap da Hausa da yawansu kwaikwayon zubin Amurka suka yi, suna tanƙwara harshen don ya shiga kiɗan da ba a yi don shi ba. Ban raina su ba, su suka share hanya, kuma a lokacin da ake yi musu kallon 'yan iska. Amma ka saurari B.O.C Madaki ko ClassiQ, 'yan Bauchi, ka ji yadda Hausar take zaune daram a kan kiɗa. A wannan fannin na baya sun fi, kuma ba na shakkar faɗa.

Sadiq, Mile 12: Allah ya saka da alheri Malama. Ga DJ AB ma na Kaduna. Mutane suna ganin barkwanci yake yi, amma ka gwada rera baitinsa ɗaya ba ka sarƙe ba.

Malama Rabi, Idi-Araba: Kada ka yi saurin murna, ƙanena, akwai naku laifin. Yaran yanzu da yawa idan kalmar Hausa ta ƙi zuwa, sai su cusa ta Turanci su wuce. Haɗa harshe ba aibi ba ne, mu nan Legas da harshe uku muke cefane. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya haɗa don ma'ana da wanda ya haɗa don rumbunsa ya ƙare. Sannan yawan zagi da ambaton jikin mace da ake yi yanzu, wannan ba azanci ba ne. Habaicin gaske shi ne wanda za ka faɗa a gaban surukinka, wanda aka yi dominsa ya kwana bai yi barci ba.

Alhaji Mai Raguna, Alaba Rago: Ni 'ya'yana duk gardamarku ta yara ce a wurina. Shata ya rasu a 1999, bai taɓa zama da biro ya tsara waƙa ba. Nan take yake kallon mutum ya ƙera masa baiti, makaɗa suna bi. Ku ce wa gwanayen naku, na da da na yanzu, su ajiye littafi da waya su tsaya a gaban taro.

Abba Mai Situdiyo, Surulere: Ranka ya daɗe Alhaji, akwai masu yin haka a rap, a ba su kalma nan take su gina baiti a kanta. Sai dai gaskiya ba su ne suke samun kuɗi ba.

Ɗan Tanka, Apapa: Ni ban yi karatun Malama ba, amma babu wanda ya kai direba sauraron waƙa. In muna layin lodi a Apapa, ko mun ɗauki hanyar Ibadan zuwa Jebba da dare, waƙa ce abokiyar hira. Ga yadda nake ganewa. Akwai waƙar da za ka sa sau ɗaya ta yi daɗi, ta biyu ta yi daɗi, kafin Ogbomosho ta gundure ka. Akwai kuma wadda sai a ji na goma wani layi zai faɗo maka, ka ce ashe abin da yake nufi ke nan. Irin ta biyun na fi samu a wurin na da, ban ɓoye ba. Amma ina samu a wurin na yanzu ma, sai dai sai ka tona, ba su ne ake tura maka a waya ba.

Abin da yake ci mini rai daban ne. Dagrin, kafin ya rasu a hatsarin mota a 2010, ya ɗauki rayuwar talakan Legas ya zuba ta da Yarbanci, yaran unguwa suka ji kansu a ciki. Olamide ya ɗora a kai, Phyno ya yi da Ibo. To mu fa? Ga mu a Agege tun kakanni, ga Mile 12, ga Obalende, ga mayankar Oko-Oba. A Yunin 2022 aka hana acaɓa a manyan sassan garin nan, aka murƙushe babura, samarinmu da yawa suka koma gida hannu rabbana. Wannan ba abin baiti ba ne? Mai dakon kwandon tumatir da asuba, mai gadin da yake kwana a bakin get, mai tura kurar ruwa. Ku nuna mini wanda ya tsara wannan da Hausa yadda zan ji tsigar jikina ta tashi, ni a wurina shi ne gwani, ko jiya aka haife shi.

Sadiq, Mile 12: Wallahi Kawu ka taɓo inda yake mini ciwo. Akwai yara a kasuwarmu da suke rubuta irin wannan, ina jin su da dare bayan an gama sauke kaya, suna buga kiɗa a jikin kwando. Kuɗin situdiyo ne ba su da shi.

Baban Ummi, Agege: Maganar Ɗan Tanka ta shige ni, amma ku lura, misalin da ya kawo na wanda ya iya, Dagrin ne, na da. Malama kuma na karɓi batun zaman Hausa a kan kiɗa, sai dai zaman harshe rabin aiki ne. Ina labari? Ina waƙar da za ta ɗauki mutum ɗaya ta bi shi daga baitin farko zuwa na uku ba ta saki zaren ba? A nan har yanzu ina kan bakana.

Malama Rabi, Idi-Araba: To a daina jifa da sunaye, a kawo aiki. Baban Ummi ya zaɓo baiti biyu na da, Sadiq ya zaɓo biyu na yanzu, duka na Hausa, a rubuce, ba kiɗa, ba sunan mawaƙi. Mu bi su layi-layi: nauyin gaɓa, azanci, da ko labarin ya riƙe.

Baban Ummi, Agege: Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Cikakken baiti za a kawo, layi 16, ba layi biyun da suka yi tashe a TikTok ba.

Sadiq, Mile 12: Layi 16 ne, Yaya. Ɗaya daga cikin nawa ma ba a taɓa ɗaukarsa a situdiyo ba, na wani yaro ne mai dako a wurinmu, zan nemi izininsa gobe in an gama sauke motar Kano. Abba, in ya yi maka, ka saurare shi.

Abba Mai Situdiyo, Surulere: Ka kawo shi ranar Lahadi bayan la'asar, ba ni da aiki a lokacin. Ya zo da baitinsa ukun duka.