Asfirin da furen peace lily: abin da masu lambu a Katsina suka ce

Muhawara ta yi zafi tsakanin masu sayar da furanni a Katsina kan jiƙa asfirin a ruwan da ake ba peace lily, wani tsiron ado da ake ajiyewa a tukunya cikin gida, idan ya ƙi yin fure. Masu goyon baya sun ce sinadarin cikinsa ɗan'uwan salisilik asid ne, wanda tsiro ke samarwa don kare kansa daga cuta. A cewarsu, ƙwaya ɗaya a lita 4 na ruwa ta isa, in aka zarce, bakin ganye ya ƙone.

Amma mafi yawan masu sayar da furannin ƙarancin haske suka fi ɗora wa laifin rashin yin furen, kuma ina ganin sun fi gaskiya. Tukunyar da aka ajiye a lungun falo ganye kawai za ta yi. A matso da ita kusa da taga, amma kada ranar tsaka ta doke ta. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. A nisanta ta da yara da kyanwa, ganyenta na ƙona baki.